Ina ke ciwo? Yadda za ki koya wa yara kalmomin jiki da na lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku: babbar shekararta 9, mai bi mata 6, autan kuma 4. Duk ranar da ɗayansu ya kwanta ba lafiya, ba abin da nake samu a bakinsa sai "cikina" ko "jikina", in mun je asibiti kuwa likita ya tambaye su sai su sunkuyar da kai. Ga babbar ta fara tsare ni da tambayoyi: mece ce ƙwayar cuta, don me ake yi wa jariri allura alhali lafiyarsa lau. Ta ina zan fara koya musu sunayen sassan jiki da kalmomin asibiti yadda za su gane, ba tare da na tsorata su ko na faɗi abin kunya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da ɗawainiya, maman yara, Allah ya raya mana su. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, kuma abin da kika kawo da shi muke fama kullum. A bakin yaro, "ciki" yakan ɗauki komai tun daga ƙasan wuya har cinya. Yana iya zama mara, yana iya zama gefen haƙarƙari, yana iya zama yunwa, wani lokaci ma tsoron bulalar malam ne. Mai duba shi kuwa da abin da aka faɗa masa yake fara aiki kafin a kai ga gwaji. Saboda haka kada ki mai da abin hadda, a jera wa yaro sunaye hamsin yana rerawa. Abin da nake so ki sa a gaba shi ne kowannensu ya iya amsa tambaya uku: ina ne wurin, wane irin ciwo ne, tun yaushe ya fara. Kalmar da za ta taimaka wajen amsa waɗannan ita za a fara koya, sauran su biyo baya a hankali.

Ki fara da abin da ido ke gani, kuma ba sai kin ware lokacin darasi ba, wanka ya isa. Kina cuɗa autan kina faɗa: ga goshi, ga ƙeya, ɗaga haɓa, ɗaga hammata, miƙo diddige. Masu zuwa Islamiyya sun riga sun sami rabin karatun a wajen alwala, can suka ji gwiwar hannu da idon sawu da kurkurar baki. Inda na ga yawancin yara suna da giɓi shi ne tsakiyar jiki: ƙirji, haƙarƙari, cibiya, mara, kwankwaso, matsematsi, sai maƙogwaro. Waɗannan ki fi ba su ƙarfi, tare da sanin dama da hagu. Ga dalilina. Ciwon da ya fara a zagayen cibiya, bayan wasu awoyi ya gangara ƙasan ciki ta hannun dama ya tsaya, yaro ya ƙi abinci, ba ya son a taɓa wurin, tafiya ma sai a duƙe, yana sa mu zargi afendis, kuma ba ciwon da ake kwana da shi a gida ba ne. Ciwon mara da ya zo da zafin fitsari hanyarsa daban. Suka a haƙarƙari duk lokacin da aka ja numfashi, ga tari ga zazzaɓi, ya fi kusa da nimoniya, wato ciwon huhu. Duka ukun nan, yaron da ba a ba shi kalma ba "cikina" zai kira su.

Akwai dabarar da muke yi a ɗakin duba yara, ke ma ki ɗauka: ki ce masa "nuna min da yatsa ɗaya." In ya shafa cikin gaba ɗaya da tafin hannu mun fahimci wani abu, in ya dangwala yatsa wuri guda mun fahimci wani. Nan take sai ki ba wurin suna: "To, nan sunansa mara." Kalmar da yaro ya koya yana cikin jin ciwonta da wuya ya manta ta. Haka in kin taɓa ɗan ƙullutu a wuyansa ko hammata ko matsematsi bayan wani ƙurji ko ciwon maƙogwaro, ki ce masa kaluluwa ce, alamar jiki na faɗa da cuta a kusa da wurin. In ta ɗauki makonni ba ta saɓe ba, ko tana ƙara girma, sai a kai shi a duba.

Irin ciwo kuwa, kalmomin suna nan birjik a bakinmu, miƙa wa yara ne ba ma yi. Ciki yana murɗawa, kai yana sarawa, haƙori ko maruru yana zugi, ƙuna ko yanka yana raɗaɗi, fata tana ƙaiƙayi. Akwai jiri, lokacin da ɗaki ke juya wa mutum. Akwai tashin zuciya, wato jin amai na tasowa amma bai fito ba. Akwai kasala. Kada ki tambayi ƙaramin yaro "yaya kake ji?" don "ba komai" za ki samu. Ki ba shi zaɓi biyu: "Murɗawa yake ko suka yake? Yana zuwa yana tafiya ko yana nan kullum?" Batun lokaci ma haka. Ɗan shekara 6 bai san awa huɗu ba, amma ya san kafin karin kumallo, ya san lokacin fita tara a makaranta, ya san bayan la'asar. Da waɗannan za ki riƙa tambayarsa.

Kayan ciki kuma akwai ranar da darasinsu ke zuwa har tsakar gida, ranar Babbar Sallah. In an feɗe rago, kafin a kwashe kayan a kai wanki, ki kira su su tsaya. In ba a yi layya a gidan ba, teburin mahauci a kasuwa ya wadatar. Ki bar su su taɓa huhu su ji laushinsa da rashin nauyinsa, ki ce nan iska ke shiga in an ja numfashi, muna da biyu, haƙarƙari ya kewaye su. Ga hanta mai duhun ja, ita ke tace abin da muka ci ta kuma adana ƙarfin abinci. Tamu tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama. 'Yar jakar nan koriya da ke manne da ita, wadda mai fiɗa ke cirewa a hankali kada ta fashe ta ɓata nama, ita ce madaciya, ruwanta ke taimakawa wajen narkar da maiƙo. Ga ƙoda biyu a lulluɓe da kitse, su ke tace jini, abin da jiki ba ya so ya zama fitsari ya taru a mafitsara. Ga tumbi, ga hanji. Sai dai ki gaya musu cikin rago kashi huɗu ne saboda ciyawa yake ci yana tuƙa, namu guda ɗaya ne. Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai wajen mita 6 a naɗe. Ki auna musu mita 6 da igiyar shanya ki ga yadda za su zaro ido. In an gama, kowa ya wanke hannu da sabulu.

Zuciya ba sai an jira Sallah ba. Aikinta irin na famfon tuƙa-tuƙa ne: tana matsawa, jini ya fita ya bi jijiyoyi ya zaga jiki ya dawo, ba dare ba rana. Ki sa ɗaya ya kara kunne a ƙirjin ɗan'uwansa ya saurara. Babbar ki koya mata ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ta ƙirga bugun na minti ɗaya da agogon wayarki. Babban mutum a zaune yakan samu 60 zuwa 100, na yara ya fi sauri, sabon jariri yakan wuce 120 kuma lafiyarsa lau. Sai su zaga gida da gudu a sake ƙirgawa. Da kansu za su tambayi dalili, amsar kuwa gajera ce: tsoka tana aiki tana neman ƙarin iska, sai huhu ya ƙara ja, zuciya ta ƙara turawa. Ke ma akwai ribar da za ki ci a nan, wato ƙirgan numfashi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi ya yi sauri in ya kai 60 a minti ɗaya ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, kuma ana ƙirgawa ne yaro na natse, ba yana kuka ba. In ya kai haka ga tari, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja iska, asibiti za a nufa a ranar.

Jini a ɓargo ake yin sa, kuma yara kan yi mamakin jin cewa abin da suke tsotsa a ƙashin miya shi ne wurin. A cikinsa akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu faɗa da cuta, da wasu masu toshe rauni har ya yi ɓawo. Wanda ya san aikin ɓawon ciwo ya fi barin sa ya faɗi da kansa. Ƙasusuwan babba 206 ne, na jariri sun fi haka yawa, wasu na haɗewa ne yayin girma. Haƙoran farko 20 ne, na manya 32, kuma mai shekara 6 ɗinki yanzu ne lokacin famfararsa. Abu guda da iyaye ke yawan kuskurewa: a daidai wannan shekarar wani turmi kan fito can ƙurya ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Na dindindin ne, in ya ruɓe ba wani a bayansa. Ki nuna masa shi a madubi ya san akwai inda buroshi ko asuwaki zai riƙa kaiwa.

Yanzu ga tambayar babbar. Ki ce mata ƙwayoyin cuta halittu ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Yara na son labarin wanda ya fara ganinsu, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ke goge gilasan ƙara girman abu da hannunsa. A shekarun 1670 ya duba ɗigon ruwa ya ga abubuwa na iyo a ciki, a 1683 kuma ya kankaro dattin haƙoransa ya same su suna motsi. Wannan labarin ya fi faɗa sa yaro wanke baki. Tun da ba za su gan su ba, ki nuna musu yadda suke yawo. Ki shafa wa ɗaya ɗan man gyaɗa da garin gawayi a tafin hannu, ya gaisa da 'yan'uwansa, ya ɗauki kofi, ya buɗe ƙofa, sannan a bi sawu a ga duk inda baƙin ya kai. Ya wanke da ruwa zalla a duba hannun, ya sake da sabulu yana cuɗa tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na daƙiƙa 20 a sake dubawa. Daga nan ki faɗi hanyoyin shigarsu jiki: ta baki, wato hannu mai datti da ruwa marar kyau da abincin da ƙuda ya sauka, ta hanci, wato tari da atishawar wani, ta fata, wato rauni da cizon sauro.

Amma kada ki bar su da tunanin duk wata ƙwayar halitta muguwa ce, don na ga yaran da aka tsorata har ba sa son taɓa ƙasa. Kindirmon da ake dama fura da shi bakteriya ne suka mai da madara shi, kuma a hanjin kowa akwai masu taimaka masa narkar da abinci. Babbar za ta iya ɗaukar ƙarin bayani: akwai bakteriya, akwai bairos wanda ya fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Mura bairos ke kawo ta, kafson kashe bakteriya ba ya yi mata komai, hutu da shan ruwa take so har ta wuce. Yarinyar da ta san wannan tun yanzu ba za ta girma tana sayen kafso a kemis duk ranar da hancinta ya toshe ba.

Zazzaɓi alama ce, jiki ne ya ɗaga zafinsa yana yaƙi da wani abu, kuma abubuwa da yawa na kawo shi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada, ki bar su su auna juna a hammata suna lafiya su ga lambar tana wajen 37. In ta kai 37.5 a hammata ko ta wuce, zazzaɓi ne. Maleriya kuma ɗaya ce daga cikin masu kawo shi, kuma labarinta na da sauƙin ba yaro: macen sauro ce ke cizo da dare ta zuba ƙwayar, ƙwayar ta fara sauka a hanta ta hayayyafa, sannan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su. Shi ya sa yaron da ta yi wa yawa tafin hannunsa da cikin fatar idonsa ke yin fari, a ce jininsa ya yi ƙasa. Ki gaya musu abin da ake yi a wajen gwaji: a soki kan yatsa, a ɗauki ɗigo ɗaya, cikin minti 15 zuwa 20 a san ko ita ce. Wanda ya ji wannan bayanin ya fi haƙura da zafin gidan sauro. Maganin da ma'aikata ke bi gida-gida suna bai wa 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 wata-wata da damina na kare su daga ita ne, kuma autanki na cikin masu sha.

Don me ake yi wa mai lafiya allura? Ga yadda nake faɗa wa sa'anninta: "A jikinki akwai garkuwa mai kama ƙwayoyin cuta, amma ta fi saurin kama wadda ta taɓa gani. A allurar rigakafi ana sa ƙwayar da aka raunana, ko ɗan ɓangarenta wanda ba ya iya kwantar da mutum, garkuwar ta gan ta ta riƙe kamanninta. Ranar da ta gaske ta zo, an riga an san ta." Sai ki ce ta duba saman damtsenta na hagu. Ɗan tabon nan na allurar BCG ne ta tarin fuka, wadda ake yi tun ana jariri. Ki ɗauko katin rigakafinsu ku karanta tare: ga ta ƙyanda a wata 9, ga ta mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe haƙora, ga ɗigon shan inna guda biyu da ake yi a baki a shafa wa ƙaramin yatsa tawada. Su tambayi kakarsu labarin agana, cutar da ta makantar da mutane ta ɓata fuskoki, wadda aka sanar da ƙarewarta a duniya a 1980 ta hanyar rigakafi. Shan inna na asali ma rabon da a same shi a Najeriya tun 2016 a Borno, aka kuma bayyana Afirka ta rabu da shi a watan Agustan 2020, kodayake ana ci gaba da ɗigon don kada wani nau'insa ya sami wurin zama.

Abu biyu nake roƙon ki da duk wani babba a gidan. Na farko, a daina cewa "in ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura." Yaron da aka raina da wannan barazanar ɓoye ciwonsa yake yi, in an kawo shi kuma sai mutum uku sun danne shi. Kada kuma a ce masa ba zafi, don zai ji zafin ya daina yarda da ke. Ki ce: "Za ka ji zafi kaɗan, kafin ka ƙirga goma an gama, ina riƙe da kai." Na biyu, kada a kira magani alawa don a samu ya sha. Ranar da ba kya ɗakin zai nemi alawar da kansa, kuma ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki ko na hawan jini na kaka suna iya hallaka ƙaramin yaro. Sunansa magani, babba ne ke bayarwa, da awo. A koya musu kalmar guba ma, a nuna musu kananzir da fiya-fiya da maganin ɓera, a daina zuba su a gorar lemo. In ƙaddara ta sa yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, don komawarsa huhu ne haɗarin. A ɗauke shi sai asibiti.

Sai inda kunya take, kuma nan ne zan fi daɗewa, don nan ne shirun yara ya fi yi musu illa. Kashi da fitsari sai an kira su da sunansu a gida ba tare da tsawa ko dariya ba. Yaro ya san gudawa ita ce kashi mai ruwa sau uku ko fiye a rana, ya san in ya ga jini ko majina ko tsutsa a ciki sai ya kira ki kafin a kora. Ki bayyana musu cewa abin tsoro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki: ido ya faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ragu, a jariri maɗiga ta lotsa. Babbar ta isa ta iya haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari na mai gudawa, a gabanki, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta ruwan sha mai rabin lita. In babu shi, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokalin gishiri a lita ɗaya, abin da ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo. Ana haɗawa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Fitsari kuma su riƙa duba launinsa: in ya yi duhu, ruwa jiki ke nema. In jini ya biyo ƙarshensa, musamman ga yaro mai wanka a kududdufi ko bakin dam, sunan abin tsargiya. Tsutsa ce da ke rayuwa a jikin katantanwar ruwa, ta huda fata ta shiga. A wasu wurare har ana ɗaukar ta alamar namiji ya fara girma, alhali cuta ce mai lalata mafitsara in an bar ta, maganinta kuwa na shan rana ɗaya ne, ana ma raba shi a makarantu.

Al'aura kalma ce da sun riga sun ji a darasin tsarki, sai ki gina a kanta. Su san gaba, su san dubura, ko wurin fitsari da wurin kashi ga autan. Abin da nake gudu shi ne sunan wasa da gidanku kaɗai ya sani, wanda in yarinya ta faɗa wa malamarta ko nas ba za su gane abin da take nufi ba. Faɗin sunan wuri don lalura ba rashin kunya ba ne, malaman fiƙihu ma da sunansu suke kiran su in suna karantar da tsarki. Tare da sunan sai doka, a faɗe ta a natse, a riƙa maimaitawa: wannan wurin ba mai gani ba mai taɓawa sai Mama wajen wanka da tsarki, ko ma'aikacin asibiti Mama na tsaye. Duk wanda ya taɓa, ko ya ce a nuna masa, ko ya ba da alawa ya ce kada a faɗa, ko da ɗan'uwa ne ko maƙwabci ko malami, a zo a gaya miki, kuma ba za ki yi duka ba. Maza da mata duka ake gaya wa. Ita kuma babbar, shekara 9 ba ta yi wuri ba a yi mata maganar ƙirgen dangi da haila, don wasu a 10 ko 11 suke farawa, kuma gara ta ji daga bakinki kafin ta ga jini ta ɗauka ciwo ne ta ɓoye. Ta kuma shiga shekarun allurar HPV ta kariya daga sankarar bakin mahaifa, wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a 2023.

Akwai sunayen da ya kamata su sani saboda 'yan ajinsu. Sikila, ko amosanin jini, gadonta ake yi daga uwa da uba duka, jajayen ƙwayoyin jinin mai ita kan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon ƙashin da ke sa shi kuka. Ba a ɗauka ta cin abinci tare ko wasa. Asma hanyar iska ce ke tsukewa, abin shaƙar da yaro ke yawo da shi maganinsa ne, ba abin wasa ba. Farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take, yawun mai ita ba ya sa wa kowa, duk da abin da ake faɗa a unguwa. In sun ga wani ya faɗi yana jijjiga, su kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, a juya shi ta gefe, ɗaya ya ruga ya kira babba. Da hunturu kuma haɓo kan yi yawa, wannan da kansu za su iya: a zauna, a sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hanci minti 10. Ƙuna ruwa mai sanyi take so na minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba.

Ki ware wasu 'yan maganganu ki ce waɗannan ko barci kike a tashe ki: "numfashina ba ya fita", "wuyana ya sanƙare", wanda in ya haɗu da zazzaɓi da ciwon kai muke tsoron sanƙarau, musamman da zafin bazara; "na ga jini", "na haɗiye wani abu", "na faɗi kaina ya bugu", "wani abu ya cije ni". Na ƙarshen nan ki jaddada shi. Yaro kan ɓoye cizo ko yaƙushin kare don an hana shi zuwa wurin, yana tsoron duka, ciwon haukan kare kuwa in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi. Abin yi shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a fara allura a ranar. Faɗan zuwa inda aka hana a ajiye shi sai an dawo.

Kafin ku je asibiti, ki faɗa musu abin da za su tarar: za a hau sikeli, za a sa ma'auni a hammata, likita zai ɗora abin sauraren ƙirji mai ɗan sanyi, zai ce a buɗe baki ya haska maƙogwaro, wataƙila a tura ku ɗakin gwaji ko ɗaukar hoto. Ƙarin ruwa da ƙarin jini ma su san sunansu tun ba a kai ga buƙata ba. In kun shiga aka yi tambaya, ki daure ki yi shiru na ɗan lokaci ki bar mai ciwon ya fara amsawa, ko da yana in'ina. Sannan ki cike abin da ya rage: lambar zafin da kika auna, sau nawa ya yi amai ko gudawa, maganin da kika ba shi da lokacin da kika bayar. Ki riƙa tafiya da kwalin maganin da katin rigakafin a jaka.